Wanda Ya Tsaya a Bayan Marsandi

Asabar, 4 ga watan Azar, da yamma

Tun ranar Laraba yayana Bijan yake kwance a asibiti. Sai yau na iya ɗaukar biro. Zan rubuta abin da aka sani, tunda ba shi da yawa.

Bijan mai rufe lamba ne. Mahaifiyarmu, Maman, tana gaya wa maƙwabta wai harkar sufuri yake yi. Tun da tasinsa ta faɗi gwajin hayaƙi aka hana ta shiga tsakiyar Tehran, ya sayar da ita ya sayi babur, ya koma bakin Da'ira, wato iyakar tsakiyar birnin, inda kyamara take ɗaukar lambar duk motar da ta shiga. Mai motar da ba ta da izini ya ba shi ɗan abu, shi kuma ya manne wa bayan motar da baburinsa har su wuce, kyamara ta ɗauki gadon bayan Bijan maimakon lamba. Ina jin duk birnin nan babu bayan da hukuma ta sani kamar na yayana.

Ranar Laraba motar da yake rufewa ta taka birki farat ɗaya. Ya shige ta, ya faɗi, a-kori-kurar da ke biye ta ƙarasa sauran. Direban motar bai tsaya ba. Da ya tsaya, da kyamara ta ga lambarsa, tunda mai rufe ta yana ƙasa. Ya ƙara wuta ya kutsa tsakanin motoci.

Ɗan sanda ya tambayi Bijan wace mota ce. Ya ce bai gani ba. Mutumin da tsakanin hancinsa da lambar bai kai kamu ɗaya ba.

Ina son sunan direban nan. Ina son a gan shi.

Lahadi, 5 ga Azar, tsakar rana, a ofis

Aikina a watan nan: in buga wa mutane waya in tambaye su ra'ayinsu a kan Da'ira. Shekara shida a jami'a domin wannan.

Wani ya ce, "Hanum, ina goyon baya ɗari bisa ɗari, iskar nan ta gama da mu. Amma ni a cire ni, surukata a ciki take zaune."

Wata tsohuwa ta ce a hana kowa shiga, har masu tafiya a ƙafa, sannan ta tambaye ni ko ina da aure.

Wani direba ya ce, "Rubuta, abji, 'yar'uwata. Rubuta cewa hayaƙin talaka ne kaɗai yake da wari." Na sa shi cikin waɗanda ba su yanke shawara ba.

Litinin, 6 ga Azar, bayan la'asar

Likita ya kira ni waje ya yi magana. Fentin bangon wurin kore ne, irin na makarantarmu ta firamare. Akwai wata tsaga a sama mai kama da kogi.

Za su yanke ƙafar gobe da safe.

Talata, 7 ga Azar

Sun yi.

Laraba, 8 ga Azar, da hantsi

Na je bakin Da'ira, wurin da abin ya faru. An wanke kwalta. Masu rufe lamba suna nan jere a gefen titi, wasu a kan babura, wasu a ƙafa don lokacin da motoci suka cushe suna jan ciki. Babbansu Mash Gorban, tsoho mai tari, ya ba ni kujerarsa da shayi.

"Ke ce ƙanwar Bijan mai digiri? Ya ce jama'a kika karanta. To ga mu nan, bismilla, karanta mu."

"Amu, wace mota ce?"

"Mu ba ma ganin lamba, 'yata. Da muna gani wa zai ɗauke mu aiki? Mai wankan gawa ba ya ba da labarin jiki."

"To nawa aka biya shi? Aƙalla in san farashin."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Biya? Ai Bijan ba ya karɓar ko sisi da safiyar Laraba. Ta Laraba ta gida ce."

Ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya kalli sama, inda ya kamata a ce ana ganin duwatsun arewa, babu komai sai toka. Ya ce, "Sha shayinki kada ya huce."

A danginmu mota ɗaya ce take fita ranar Laraba kaɗai, wai don kada injinta ya kwanta.

Laraba, da magariba

Ba zan rubuta sunansa yau ba. Biron sabo ne.

Juma'a, 10 ga Azar, bayan abincin rana

Mun ci abinci a gidan Maman kamar kowace Juma'a. Yayata Shahla ta zo da yaranta da mijinta, Aga Doktor Faramarz, likitan haƙori, shugaban ƙungiyar tsabtace iska ta unguwarsu ta masu bishiyoyi. Da tasi suka zo.

Yana da tsohuwar Marsandin mahaifinsa, ruwan madara, wadda ko a mafarki ba za ta ci gwajin hayaƙi ba. Asibitin haƙorinsa kuma a tsakiyar Da'ira yake.

Ya ci shinkafa faranti biyu, ya kankare ƙanzon tukunya, sannan ya yi mana bayani. Matsalar, in ji shi, mutanenmu ne. Ba ma mutunta doka. A ƙasashen da suka ci gaba babu wanda zai yi tunanin ɓoye lamba. Ya ce abin da ya sami Bijan darasi ne ga ƙasa baki ɗaya, Allah ya ƙara masa sauƙi.

Na ce, "Aga Doktor, ina Marsandi? Mun kwana biyu ba mu ji muryarta ba."

"Tana hutawa, Mahvash jan. Wannan iskar ba ta tsofaffi ba ce."

Cokali ya suɓuce wa Shahla. Ta sunkuya ɗauko shi ta daɗe a ƙasa.

Kullum Shahla tana kai wa Bijan miyar sha'ir asibiti, tana kuka fiye da Maman. Shi ko sau ɗaya bai je ba. Wai warin asibiti yana tayar masa da zuciya. Mutumin da ya wuni da kansa a cikin bakin jama'a.

Lahadi, 12 ga Azar, da yamma

Na kai wa yaran Shahla littattafai. Na ce na yar da ɗan kunne a ƙasa wajen shigowa, na sauka garejinsu. An lulluɓe Marsandi da tamfol har ƙasa kamar marar lafiya. Na ɗaga. Fitilar baya ta hagu a fashe, an liƙe ta da jan salatif. Irin wannan fitilar ba a samunta a kasuwa yanzu, sai an yi oda an jira wata da watanni. Ƙarfen da ke ƙasanta ya lotsa.

Na mayar da tamfol yadda na same shi. Na hau na sha shayi da kek. Na yaba labulen Shahla.

Litinin, 13 ga Azar, lokacin ziyara

A asibiti na jira Maman ta fita alwala, na ce wa yayana:

"Dadash, na ga fitilar."

Bijan ya ci gaba da ɓare lemo. Ya iya ɓare lemo ɓawo ɗaya ba tsinkewa, tun muna yara.

"Wace fitila?"

"Kada ka mayar da ni ɗan sanda."

"Ke da ɗan sanda ai ɗan sanda ya fi sauƙi, shi yana gajiya." Ya miƙo mini rabi. "Wayarsa ce ta faɗi, ya sunkuya, ya taka birki. Ya tsorata. Mutum ne."

"Ya ganka a ƙasa?"

"Shahla tana da yara biyu, Mahvash."

Na buɗe baki in tuna masa abin da shi ma yake da biyu kafin ranar Laraba. Na sa lemo a bakin.

Ya ce, "Ki bar shi. Ni aka yi wa, ni na bari." Ya juya ga bango, bargon ya kwanta shafal a inda bai kamata ba.

Talata, 14 ga Azar, tsakar rana

An rufe makarantu saboda hayaƙi. Mutum bakwai cikin goma sun ce a tsananta Da'ira. Bakwai cikin goma kuma sun san wani mai rufe lamba mai sauƙin farashi. Shugabar ofis ta ce alƙaluman suna cin karo da juna. Na ce a'a, mutanen ne dai, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana tari, kuma riga ɗaya suke sawa.

Laraba, 15 ga Azar, da hantsi

Na je wurin jami'in da ke riƙe da maganar. Mutum mai ladabi, mai gajiya. Ya nuna mini hoton ranar: bayan Bijan, rigarsa mai ruwan ƙasa, gefe da gefe ƙugun wata tsohuwar mota ruwan madara. Hoto na biyu: motar tana shigewa tsakanin bas biyu, ana ganin fitilar hagu a fashe, ba a ganin lamba.

Na ce na san motar, na san garejin.

"Hanum, ke kina wurin?"

"A'a."

"Wanda yake wurin ya ce bai gani ba, kuma bai kai ƙarar kowa ba. Ba zan shiga garejin mutum ba saboda ƙanwar matarsa ta tsane shi. In haka ne da rabin garejin Tehran a buɗe suke." Ya murza idonsa. "Amma in motar ta fito da kanta, kyamararmu ta gan ta da lambarta da wannan fitilar, maganar ta tashi ba sai kowa ya tashe ta ba."

Na yi masa godiya. Na sayi gasasshen gwoza a bakin titi na ci a tsaye. Rabona da jin ɗanɗanon abinci tun farkon wata.

Alhamis, 16 ga Azar

Rana dubu ta mai Marsandi.

Juma'a, 17 ga Azar, bayan abincin rana

Za a sallami Bijan ranar Litinin. Tun jiya na fara shuka wa Maman: tasin yanzu ƙanana ne, za a naɗe ɗanki kamar wanki. Ga mota a gida mai kujerar baya kamar gado.

Yau a kan abinci ta girbe da kanta. "Faramarz jan, da motarka za ka ɗauko mini ɗana. Ba zai dawo gidan ubansa a motar haya ba."

Ya yi fari. Ya ce asibitin a cikin Da'ira yake, motar ba ta da takardar hayaƙi, shi kuma a matsayinsa na shugaban ƙungiya...

"Ashe matsayinka ya fi surukinka?"

Ya ce zai biya babbar motar haya. Maman ta ajiye ludayi. Duk wanda ya san Maman ya san ma'anar ajiye ludayi.

Ya ce to masu rufe lamba ma sun yi wuya yanzu. Gaskiya ya faɗa, babu ɗaya daga mutanen Mash Gorban da zai sake tsayawa bayan motar nan, kuma labari ya zaga sauran mashigai. Shafa laka a lamba kuwa 'yan sanda sun daɗe da ganewa.

Na ce, "Ni zan rufe maka, Aga Doktor. Da safe motoci jan ciki suke yi, mata da yawa suna yi wa mazajensu. In ari mayafin Maman in bi ka a baya. Don Dadash ai ba komai ba ne."

Ya kalle ni ya daɗe. Na ba shi fuskar da nake ba shugabar ofis. Ya ce, "Allah ya bar zumunci." Ya ce ta mashigar yamma za mu bi, ta fi sauƙi. Ba ta fi sauƙi ba. Ba ta ranar Laraba ba ce kawai.

Shahla ba ta ɗaga kai daga farantinta ba.

Lahadi, 19 ga Azar, da yamma

Na gwada mayafin a gaban madubi. Na yi kama da Maman ranar jana'izar Baba. Faɗinsa zai rufe lamba biyu.

Litinin, 20 ga Azar, bayan la'asar

Na sauka daga Marsandi kafin layin Da'ira, na zaga baya. Titi a cike, kowa yana matsa hon kamar hon yana buɗe hanya. Na baza mayafi, na kusan manne cinyata da ƙarfen da ya lotsa. Hayaƙin motar yana bugun gwiwoyina da ɗumi, yana hawa cikin mayafi har maƙogwaro. Idona ya yi ruwa. Shekara huɗu Bijan yana shan wannan daga safe zuwa azahar, ranar Laraba kuma kyauta.

Wani mai babur ya ce, "Kai, har hajiyoyi sun shigo sana'ar? Ku bar mana abincinmu mana, hanum!"

Da muka zo ƙarƙashin sandar kyamara na koma gefe taku biyu, na tattara mayafina, na tsaya. Gaba a cushe, baya a cushe. Marsandi ba ta da inda za ta. Ta tsaya a wurin tsirara, da lambarta da jan salatif ɗinta, lokacin da ya ishi mai zane ma ya zana ta.

Idona ya haɗu da na Faramarz ta madubi. Na ɗaga masa hannu.

Da muka wuce na buɗe ƙofa na zauna. Muka nufi asibiti. Hannunsa yana zamewa a kan sitiyari.

Maman ta kawo wa Bijan kayan fita a jaka: wando, riga, safa, takalmi. Ta goge takalman biyu tun jiya. Ta fito da su, ta tsaya, ta mayar da ɗaya.

Da Bijan ya ga motar a ƙofar asibiti ya kalle ni. Ni kaɗai.

Laraba, 22 ga Azar

Shiru. Shahla ba ta ɗaukar waya. Ina barci kamar jaririya.

Asabar, 25 ga Azar, tsakar rana

Wani malamin makaranta ya riƙe ni a waya kusan rabin sa'a. Ya ce doka mai kyau ce, matsalar ita ce ba ta kama manya. Na ce wani lokaci tana kamawa. Ya ce, "Hanum, tarun da ya kama babban kifi, kin taɓa leƙa abin da ke ƙasansa?" Na ce wannan ba ya cikin tambayoyin.

Litinin, 27 ga Azar, da yamma

Jami'in ya kira. Ana neman Faramarz ranar Asabar.

Ana neman Bijan ma. Rufe lamba laifi ne mai zaman kansa, yana iya kai mutum gidan yari, ga kuma ƙaryar da ya yi wa hukuma.

Jami'in ya gaya mini wannan tun ranar da na je. Ya ce maganar in ta tashi da mutum biyu za ta tashi. Na duba abin da na rubuta ranar, babu shi. Akwai gwoza.

Laraba, 29 ga Azar, bayan magariba

Faramarz ya zo gidan Maman shi kaɗai. Ina kicin, ƙofa a buɗe. Ya durƙusa gaban gadon Bijan da wandonsa mai tsada.

"Dadash, na ganka a madubi. Na ganka a ƙasa na tafi. Ni ne."

Wannan nake so in ji tun farkon wata. Na ji. Na tsaya da wuƙa da rumman a hannu ina jiran daɗin ya iso.

Sai ya ci gaba. Lauyansa ya samo hanya. Bijan zai ce ba rufe lamba yake yi ba, tafiyarsa kawai yake, gudu ya yi masa yawa ya daki motar ta baya. Wanda ya daki baya shi ne mai laifi, kowa ya san wannan. Shi kuma zai ce ya ji ɗan ƙara ya zaci rami ne. Babu mai rufe lamba, babu mai gudu. Kowa ya koma gida.

Bijan ya ce, "Wato ni na karya maka fitila."

"A takarda ne kawai, Dadash."

"To Allah ya ba ka haƙurin fitilarka."

Maman tana zaune a kusurwa da carbi. Ba ta yi mamakin komai ba. Ban san tun yaushe ta sani ba.

Alhamis, 30 ga Azar, kafin faɗuwar rana

Yau Yalda, daren da dangi suke taruwa. Maman ta yanka kankana, ta ɓare rumman cike da kwano. Shahla ta aiko cewa yara suna mura.

Na ce wa Bijan in ya faɗi gaskiya zan nemo masa lauya, zan sayar da gwal ɗina, alƙali zai dubi halin da yake ciki.

"In hau matakalar gidan yari da sanda? Ko Maman ta riƙa kawo mini miya can?" Ya tofar da ƙwallon rumman a tafinsa. "Da na yi shiru, shiru ne kawai, nawa ne. Yanzu sai na sa hannu cewa ni na yi wa kaina. Wannan kyautarki ce, abji. Na gode."

Jami'in ya ce ni ma in zo, tunda ni na fara kawo maganar.

Asabar, 2 ga watan Dey, da yamma

Ofishin a hawa na uku yake, lif ya lalace.

Bijan ya faɗi abin da aka shirya, bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Faramarz ya faɗi nasa, har da ramin. Jami'in ya rubuta, fuskarsa ta mutumin da aka ba labarin nan sau ɗari. Sannan ya juyo.

"Hanum, ranar nan kin ce kin san wani abu. Kina da abin da za ki ƙara?"

Ina da Mash Gorban. Ina da Laraba ta gida. Ina da abin da na ji daga kicin, kalma da kalma. Na kalli ƙeyar Faramarz, gumi yana gangara cikin kwalarsa. Na kalli hannun Bijan a kan sanda.

Na ce, "A'a. Kuskure na yi."

Suka sa hannu. An ci tarar Marsandi don shiga Da'ira ba takardar hayaƙi. Ya biya nan take da kati.

A bakin matakala Faramarz ya miƙo hannu zai tallafi Bijan. Bijan ya janye kafaɗarsa.

"Wuce gaba, Aga Doktor. Na saba ganin bayanka."

Ya wuce gaba. Matakalar siririya ce, cike da mutane masu hawa, kowa ya ji, kowa ya juyo yana kallon mai kwat ɗin da mai sanda ya faɗa wa haka. Ba dama ya yi sauri, kada a ce ya gudu. Ba dama ya waiwayo. Muka sauko a bayansa, Bijan yana dira sanda, yana hutawa, yana sake dirawa, ni ina riƙe da gwiwar hannunsa. A hawa na biyu Bijan ya ce ya gaji, ya tsaya. Ba gajiya ya yi ba, na san numfashinsa. Faramarz ma dole ya tsaya, fuskarsa a bango, kunnuwansa jajir.

Na ce, "Huta sosai, Dadash. Ba ma sauri."